Likita, an ce ramin zuciyar ɗana zai toshe da kansa

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana wata biyar, in yana shan nono sai ya yi ta haki, gumi ya jiƙe masa goshi, ya saki nonon, kuma ba ya ƙiba. An yi eko, wato hoton zuciya, an ce akwai babban rami a zuciyarsa, sai an yi aiki. Surukata ta ce a bari zai toshe, ta kawo wani jiƙo. Wallahi na kasa barci.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Kusan jariri 1 cikin 100 ake haifa da wata matsalar zuciya, kuma ba laifinki ba ne.

Maganar Hajiya surukarki tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa take da haɗari. Ƙaramin rami tsakanin ɗakunan zuciya na ƙasa yakan toshe da kansa. Amma ramin da ya hana yaro shan nono ba ƙarami ba ne. Jini ne ke kwarara ta cikinsa yana cika huhu, shi ne hakin da kike gani.

Ga abin da ke ci mini rai kullum. In aka ƙi aiki, jijiyoyin huhu sukan yi kauri su ƙuntace don su tare wannan ambaliya. Sai haki ya ragu, yaro ya fara ci, har ya ɗan murmure. Gida ya ɗauki murna, mai jiƙo ya samu abin talla a lasifika: "Mun toshe rami!" Ramin yana nan daram, huhu ne ya lalace. Bayan shekaru a dawo mana da yaro leɓe ya yi shuɗi, kan yatsu ya kumbura kamar sandar ganga, a lokacin ko kuɗi sun samu aiki ba ya yiwuwa. Na sha faɗa wa iyaye wannan magana, ban taɓa sabawa da ita ba. Babu saiwa ko rubutu da ke ɗinke tsokar zuciya. Maganin Lasix ɗin da muke bayarwa ma ruwa kawai yake ragewa.

Irin wannan rami ana so a rufe shi kafin yaro ya cika shekara. Na san kuɗin aikin na da nauyi, ki tambayi likitan zuciyar yaran da ya duba shi hanyoyin tallafi tun yanzu. Ki riƙa ba shi nono kaɗan-kaɗan a kai a kai, ki kammala rigakafinsa, kada wanzami ya taɓa shi da aska. Ranar komawa asibiti ki tafi da maigida da Hajiya, a nuna musu ramin a allon eko su gani da idonsu.