Na ɗaga Hilux na sa manyan tayoyi amma suna gugar jiki, in ƙara ɗagawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da Hilux ƙirar 2017 mai jan ƙafa huɗu. Da ita nake shiga gona da damina, da ita kuma nake ɗaukar iyali daga Funtuwa zuwa Zariya. Ta zo da taya 265/65R17. Saboda cikinta na yawan taɓa ƙasa a hanyar gona sai na sayi 285/70R17 guda huɗu, bakanike ya sa mata sifesa, wato ciko mai ƙara tsayi, a saman shokozoba na gaba don ta daidaita da baya. Tun daga nan in na karya sitiyari har ƙarshe, ko na faɗa rami, sai in ji gurnani a ƙarƙashin ƙafata, birkin ma kamar ya yi sanyi. Yanzu ya ce tsayin ne bai isa ba, a sa sifesa mai kaurin inci biyu, a ƙara faranti a bayan rim don tayar ta fito waje. Hankalina bai kwanta ba, don yara nake ɗauka. In bari ya yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ka bari, Alhaji, kuma kafin ka sake ɗora iyali a babbar hanya a duba maka gaban motar nan. Gurnanin da kake ji tayar ce take cin wani abu, galibi robar cikin madigadi, ko ƙarfen nan na shasi da kan motar ke zaune a kai, wanda yake daidai bayan tayar gaba. Shi ya sa a ƙafarka kake jinsa.

Dubi abin da kuɗinka ya sayo maka. 265/65R17 tsayinta milimita 776 ne, 285/70R17 kuwa 831, ita ce samari ke kira inci 33. Bambancin milimita 55 ke nan, amma rabinsa kawai ya ɗaga ka daga ƙasa, wato kamar 27, bai kai faɗin yatsu biyu ba. Ɗaya rabin ya tafi sama cikin madigadi, ga ƙarin faɗi na milimita 20. In tukunyar aksul ta baya ce ke zama a kan tudun tsakiyar hanya, wannan 27 ɗin ne kaɗai ribarka, domin sifesar gaba ko ta kai kamu guda ba ruwanta da aksul ɗin baya.

Yanzu ga maganar da ta ishe ni, wadda kusan kullum sai wani ya shigo mini gareji da ita, wai ɗaga mota shi ke buɗe wa babbar taya wuri. Ba haka ba ne. Ɗagawa tana canja inda taya ke zama ne lokacin da mota ke fake a ƙofar gida. Ba ta canja iyakar inda tayar za ta kai in mota ta faɗa rami. Gaban Hilux tun daga ƙirar 2005 hannuwan ƙarfe biyu ne ke riƙe da kowace taya, na sama da na ƙasa, da shokozoba mai sifirin a jikinsa. Abin da ke tsayar da taya in ta taso shi ne robar nan mai kauri da ke tsakanin hannun ƙasa da shasi, kuma tana nan inda kamfani ya sa ta, sifesa ba ta matsar da ita ba. Kamar guga ne a rijiya: ka riƙe shi a tsakiya ko can ƙasa, bakin rijiya yana nan inda yake, in an ja kuma nan zai iso. Tayar da za ta ci madigadi a rami kafin a ɗaga, za ta ci shi bayan an ɗaga. Iyaka dai ta daina ƙara a kan kwalta mai laushi, mai mota ya ɗauka an warke, har ranar da zai faɗa rami da gudu sitiyari a karye, ƙarfe ya yanki gefen taya.

Shi kuwa ƙarfen shasin da ke bayan taya, matsalarsa ba ta sama da ƙasa ba ce, ta gaba da baya ce. Doguwar taya mai faɗi in ta juya, kusurwarta ta baya tana zagayowa ta same shi. Ko bodin gaba ɗaya aka ɗaga daga kan shasi, shi yana nan, don a jikin shasin aka yi masa walda.

Ga abin da bakaniken bai gaya maka ba, wataƙila don shi ma bai sani ba. Shokozoba ba a bakin taya yake zaune ba, a wajen tsakiyar hannun ƙasa yake. Saboda haka duk kaurin da aka cusa a samansa, a wurin taya kusan ninki biyu yake fitowa. Sifesa mai inci ɗaya ita ke ba da ɗagawar kusan inci biyu. Mai inci biyun da yake so ya sa maka kusan inci huɗu ke nan, a ƙafar da ba a ƙera ta don haka ba. Hannun sama zai rataya har ya riƙa bugun sifirin. Boljoyin, wato gaɓar da ke haɗa hannun da ƙafar taya, zai koma aiki a ƙarshen juyinsa. Shaf ɗin gaba mai juya taya zai karkace, robobinsa su riƙa gugar juna har su yage, yashi ya shiga. Shaf in zai mutu yakan yi ta ƙas-ƙas a kwana, ya ba ka lokaci ka shirya. Boljoyin sau da yawa ba ya sallama. In ya fita tayar kwanciya take yi nan take, kuma duk mai bin hanyoyinmu ya sha ganin mota a gefen titi ta durƙusa da ƙafa ɗaya. A gudun 30 kuɗin janwe ne kawai da ɓacin rana. A gudun 110 da yara a kujerar baya, sai dai Allah ya kiyaye.

Ba sai ka yarda da ni ba. Ka fake a fili, ka karya sitiyari har ƙarshe, ka durƙusa da tocila. Inda taya ke guga za ka ga fenti ya goge, ƙarfen yana sheƙi kamar an wanke shi, da baƙin garin roba a maƙale. Dubi haƙoran gefen tayar, za ka ga wasu an fere su. Sai a ɗaga gaban da jak tayoyi su rataya, ka dubi sifirin daidai inda hannun sama ya kusance shi. In akwai tabo a wurin, sun fara haɗuwa. Ka taɓa robar boljoyin, in ta tsage ko giris ya tsatso, a canja shi yau, ba bayan kasuwa ba.

Farantin bayan rim kuwa gyaran gangar Auzinawa ne. Yana nisanta taya daga hannun sama, gaskiya ne, amma duk milimitar da ka tura ta waje ka faɗaɗa zagayen da take yi in ta juya, sai ta ƙara cin wancan ƙarfen shasin da bakin madigadi. Boris ɗin taya ya ɗauki nauyin da ba nasa ba. Mafi muni shi ne irin farantin da ake zurawa kawai a ɗaure da kusoshin asali, domin yana cinye zaren da noti zai kama. Kusar Hilux kaurinta milimita 12 ne, kowane zagaye na noti yana shiga milimita 1.5, don haka in noti bai yi zagaye takwas cikakku ba kafin ya ɗaure, tayar nan ba a ɗaure take ba. Na sha ƙirga huɗu ko biyar a motocin da aka kawo mini, mai ita kuma ya taho daga wani gari da gudu.

Abin haushin shi ne yadda wannan ilimi ke yaɗuwa. Yaro ya yi 'yan watanni yana miƙa sifana, ya kafa rumfa, ya kalli hotunan motocin Amurka da Ostareliya a waya, shi ke nan ya zama gwanin ɗaga mota. Bai san waɗancan an canja musu hannuwan sama da dogayen shokozoba da aka ƙera don aikin ba, an yanke abin yankewa an sake walda da ma'auni, wasu har giyar cikin aksul an sauya. Shi maganinsa ɗaya ne, in ta guga a ƙara kauri, in ta sake guga a kira mai walda ya ɗana ƙarfe. Har na ga wanda ya jera washa a saman shokozoba. A shingen hanya kuma takardu ake tambayarka, ba mai leƙa ƙarƙashin mota, saboda haka babu wanda zai tsayar da kai sai kai kanka.

Birkinka bai yi sanyi ba, aikinsa ne ya ƙaru. Tayar ta fi ta asali tsayi da kashi 7 cikin 100, ƙarfin da faifan birki ke isarwa ƙasa ya ragu da kusan haka, ga nauyinta, ka ɗaga tsohuwar ka ɗaga sabuwar za ka ji a ƙugunka. Mitar gudu ma yanzu rage maka lissafi take yi. In ta nuna 100, ka ƙara kusan 7 a kan abin da take nufi a da, kuma wannan ɗan ƙarin kaɗai yana tsawaita nisan tsayawa da fiye da kashi 14. Haka kilomitar juyen mai, in ta nuna ka yi 5,000 ka yi wajen 5,350. Masu tsofaffin Hilux marasa ABS, na'urar hana taya kullewa in an taka birki, su kuma lura da bawul ɗin da ke kusa da aksul na baya, mai auna nauyin kaya. In an ɗaga baya ba a daidaita sandarsa ba, zai ɗauka motar ba kaya, ya rage wa baya birki alhali tana cike da buhuna.

Sannan a-kori-kura dama doguwa ce. A 2016 mujallar motoci ta Suwidin, Teknikens Värld, ta gwada sabuwar Hilux ɗauke da kaya a gwajin kauce wa dabba, a gudun kusan kilomita 60 tayoyinta biyu suka tashi sama, saura kaɗan ta kife. Daga baya kamfanin Toyota ya gyara na'urar daidaita ta. Wannan motar ce yadda ta fito daga masana'anta, ba a ƙara mata ko inci ɗaya ba. Kai kuma hanyarka ba ta rasa shanu da 'yan acaɓa masu faɗowa ba sallama.

Ko daidaita gaba da bayan da aka yi maka, ga mai ɗaukar kaya ba riba ba ce. Da gangan aka bar baya ya fi tsayi, don in ka loda taki ko masara ta zauna daidai. Yanzu in ka loda, hanci zai kalli sama, sitiyari ya yi sako-sako, fitilunka su shiga idon mai tahowa.

Da motata ce, zan cire 285 ɗin in sayar tun suna da daraja, in sa 265/70R17 masu haƙoran da suka dace da taɓo da kwalta. Tsayinsu milimita 803, ƙarin kashi 3 da ɗoriya, kuma galibi suna shiga a rim na asali ba tare da an taɓa komai ba, in ya yi yawa a ɗan rage robar madigadi. Milimita 14 kacal ka rasa a kan waɗancan, kuma a taɓo haƙoran taya da rage iska sun fi wannan amfani nesa ba kusa ba. In ƙirjin motar ne ke taɓa ƙasa kana son tsayi, a cire sifesa a sa cikakken shokozoba da sifirin da aka ƙera wa Hilux, kada ɗagawar ta wuce milimita 40 zuwa 50, a ɗaga baya daidai da gaba, a duba tiyon birki da wayar ABS ba su ɗame ba in taya ta rataya. Daga nan kai tsaye wurin alaimen na kwamfuta, ka ce a ba ta kasta, ɗaya daga cikin ma'aunan alaimen, gwargwadon yadda za ta ɗauka, shi ke tura taya gaba ta nisanci ƙarfen shasi. A saita fitilu.

Guda biyar za ka saya, ba huɗu ba. Safaya ƙarama tare da manya uku, in ka sa giyar ƙafa huɗu, aksul da giyabos ne za su biya. Ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe a layin DOT da ke gefen taya, su ne lokacin da aka ƙera ta, 2322 na nufin mako na 23 a 2022, don tayar gwanjo mai kyawun fuska na iya zama tsohuwa tukuf. Kada kuma mai faci ya buga maka iska har lambar iskar da ke jikin taya, wannan iyakarta ce, ka fara da ta jikin ƙofar direba.

In kuwa ka nace sai inci 33, aiki ne na yanke ƙarfen shasin nan a sake rufe shi da walda mai kyau, da sabbin hannuwan sama, da rim mai ma'aunin da ya dace, kuma ban ba mai ɗaukar iyali da buhuna shawarar ya shiga ba. Koma wurin bakanikenka ka ce ya nuna maka da yatsa inda take guga kafin ya kwance noti ko ɗaya. In ya tsaya kame-kame, karɓi makullinka.