Amsa ga Mama kan yaron da ya dawo da maganar Darwin

Salama jama'a, barkanmu da yamma. Mama na saurari muryar da kika turo, yaro ya dawo hutu daga jami'a ya ƙi zuwa sujada, wai kimiyya ta nuna mutum daga dabba ya fito saboda haka babu Allah, kika ce a ba ki ayar da za ki rufe masa baki da ita. To Mama ki yi haƙuri, ni ba aya zan ba ki ba. Yaron da ya tashi a makarantar Lahadi ai ya san Farawa sura 1, kuma in kika buɗe masa Zabura 14, inda aka ce wawa ne ke cewa babu Allah, kika kira shi wawa to shi ke nan, ba zai ƙara kawo miki tambaya ba, waje zai kai.

Abu biyu ya cakuɗa. Darwin, masanin kimiyyar nan ɗan Ingila, a littafinsa na 1859 magana yake kan yadda masu rai ke canjawa a hankali, wanda ya dace da inda yake ya rayu ya hayayyafa, bai yi bayanin inda rai na farko ya fito ba. Shi canji kuwa ai muna ganinsa, kulorokwin ɗin da muka tashi muna sha yana sa mu ƙaiƙayi, yau ina yake? Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta daina jinsa har gwamnati ta canja magani a 2005. Ba mai musun wannan. Amma daga "ƙwayar cuta ta canja" a ce wai don haka ba wanda ya yi sama da ƙasa, wannan kam ba a ɗakin gwaji aka samo shi ba, ra'ayin mutum ne ya ɗora a kai. Ki tambaye shi a natse, DNA ɗin da suke karantawa a bayoloji, wato abin da ke ɗauke da bayanan gado a jikin mai rai, haruffa huɗu ne kawai amma an jera su wajen biliyan 3 a ƙwayar halittar mutum, jerin farko da ya fara kwafar kansa daga ina ya zo? Har yau masana na bincike, ba su gama ba. Sannan ita duniyar kanta tana da mafari, kuma wanda ya kawo lissafin cewa sararin samaniya buɗewa yake yi, a 1927, Georges Lemaître, firist ne na Katolika ɗan Beljiyam. Francis Collins da ya jagoranci aikin karanta DNA na ɗan Adam da aka kammala a 2003, da can shi ma cewa yake babu Allah, yana likita ya ba da gaskiya ga Yesu. Shi fa ya yarda da juyin halittar, ni ban bi shi har can ba, ni dai na tsaya kan Allah ne ya yi Adamu cikin kamanninsa, kuma maganar kwana shida ɗin nan na halittar duniya ko kwana ne irin namu ko zamani ne... a'a bari in bar wannan, za mu kwana a nan.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne saƙon nan da ake ta turowa group ɗin nan, wai Darwin ya tuba a gadon mutuwa ya janye komai. Haba jama'a! Mutumin ya mutu 1882, labarin sai 1915 ya fito, 'ya'yansa kuma suka ƙaryata. Ko da ma ya tuba, me ya canja? Da kuma ɗayan, wai in daga biri muka fito me ya sa har yanzu akwai birai. Su masana kimiyya ba haka suke cewa ba, cewa suke mutum da biri kaka ɗaya suka haɗa. A wani taron matasa ina zaune mai wa'azi ya jefo wannan, aka yi ta tafi ana dariya, wata yarinya mai karatun likita ta ɗaga hannu ta ce Baba ba haka aka koya mana ba, sai ya ce mata aljanin boko ne ke damunta, a gaban kowa. Ta tattara jakarta ta fita, a taron da ya biyo baya ban gan ta ba. Kuma har yau mutumin nan ana gayyatarsa. Bitrus cewa ya yi mu ba da amsa da tawali'u da bangirma, 1 Bitrus 3:15, ku duba, amma mu sai tsawa da labarin ƙarya, yaro ya shiga intanet minti biyu ya gano ƙarya ce, sai ya ce to sauran abin da suke faɗa ma haka ne.

Mama kar ki ja shi coci da ƙarfi Lahadin nan, ki ba shi abinci ya ci, ki bar shi ya faɗi duk abin da ke ransa. Ki turo mini lambarsa ta gefe, kar ki sa a group, zan kira shi da dare. Baba Fasto in na bar wani abu sai a ƙara, cajina ya kusa ƙarewa.