Kamfani ya zo gonarmu neman tama da jan ƙarfe, in sa hannu?

Wani bawan Allah daga Jos ya rubuto cewa a gonarsu ta gado akwai baƙin dutse mai nauyi da maganaɗisu ke kamawa, a gefen kwari kuma duwatsu masu tsatsa kore. Yanzu wani kamfani ya kawo takarda yana so ya sa hannu.

Malam, abin da ka kwatanta yana iya zama tama, koren kuma alamar jan ƙarfe. Amma abin da ya fito a sama ba ya nuna yawan abin da ke kwance a ƙasa. Sai an gwada dutsen a ɗakin gwaji, an yanka ramuka, an huda ƙasa da inji an zaro dutse daga zurfi, kafin a san ko zai biya kuɗin haƙa. Cibiyar binciken ƙarafa ta gwamnati, NMDC, tana nan Jos, ka kai mata samfuri.

Ta fuskar doka, ma'adinin ba naku ba ne. Sashe na 44(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 da Dokar Ma'adinai ta 2007 sun mallaka shi ga Gwamnatin Tarayya. Naku shi ne saman ƙasa: noma, itatuwa da gini.

Sai dai kada ka raina wannan takarda. Dokar ta nemi amincewar mai ƙasa a rubuce kafin ofishin Mining Cadastre da ke Abuja ya ba da lasisi, kuma nan ne ƙarfinku yake. Da zarar ka dangwala, igiyar ta bar hannunka. Ina roƙonka kada ka sa hannu a tsaye a bakin gona don an miƙo maka 'yan kuɗin goro. Tunda gonar gado ce, ko da kai ne babban wa, a tara magada maza da mata su amince.

Ka tambaye su wane lasisi suke nema. Lasisin bincike shekara 3 ne, ana sabunta shi sau 2, shekara bibbiyu. Bai ba su ikon buɗe mahaƙa suna lodin tirela zuwa kasuwa ba. Wannan sai da lasisin haƙa, mai kaiwa shekara 25, kuma kafin su fara aiki dole su ƙulla yarjejeniyar raya gari da al'ummarku.

Kafin inji ya shigo, ka ɗauki hoton gonar, ka ƙirga kowane mangwaro da ɗorawa a gaban mai unguwa. Doka ta ba ku diyyar amfanin gona, itatuwa da gini, in an kai ga haƙa kuma har da kuɗin hayar fili. A rubuta wanda zai cike ramuka bayan sun tashi. Mu mutanen Jos muna ganin kududdufan da haƙar kuza ta bari, har yau suna cin yara da dabbobi.

In kuna so ku haƙa da kanku, ku yi rajistar ƙungiyar gama kai ku nemi ƙaramin lasisi na shekara 5, muddin ba a riga ku zuwa wurin ba, don wanda ya fara nema shi ake fara dubawa. Haƙa ba lasisi laifi ne, ko a gonarka. In kuwa an riga an ba kamfanin lasisi ba da amincewarku ba, ku kai ƙorafi a rubuce ofishin Cadastre, in ba a gyara ba ku nufi Babbar Kotun Tarayya da ke Jos, ita ce ke da hurumin shari'ar ma'adinai.