Maigidana yana cizon haƙora cikin barci, robar baki za ta taimaka?

'Yar'uwa, kin ce daga wajen Ringim kike, kuma tunda bashin taki ya hau kan maigida yake kwana yana cizon haƙora. Robar, wadda ake sakawa a kan haƙora lokacin barci, tana da amfani, sai dai ba ta hana cizon. Aikinta ta raba haƙoran sama da na ƙasa don kada su cinye juna ko su tsage.

Ya daure ya je wurin likitan haƙori, ko da a Asibitin Malam Aminu Kano ne, a auna bakinsa a yi masa tasa. Ta kanti ba lallai ta zauna daidai ba. A riƙa wanke ta da ruwan sanyi kowace safiya, ruwan zafi yana lanƙwasa ta.

Damuwar kuma a kula da ita. Ya rage goro da shayi bayan magariba, ki riƙa gasa masa muƙamuƙi da tsumma mai ɗumi. Allah ya ba shi lafiya.