Me ya haɗa ƙari a ƙwaƙwalwa da bugun zuciya?

Tambaya: Likita, gwajin zuciya na ECG yana da zafi? An ce da lantarki ake yin sa.

Amsa: Babu zafi ko kaɗan. Wayoyi 10 ake liƙa maka a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, na'urar ta karanta lantarkin da zuciyarka ke fitarwa da kanta. Minti kaɗan an gama.

Tambaya: Zai iya nuna ƙari a ƙwaƙwalwa?

Amsa: A'a. Hoton CT ko MRI ne ke nuna shi.

Tambaya: Maigidana yana da ƙari a ƙwaƙwalwa. Kwanan nan jininsa ya hau, bugun zuciyarsa ya sauka zuwa 48 a minti ɗaya, ga amai da safe. Maƙwabciyarmu ta ba mu maganin hawan jininta da asfirin. Mu ci gaba da ba shi?

Amsa: Malama, don Allah ku dakata, ku kai shi asibiti yau ɗin nan. Bugun zuciyar baligi a zaune 60 ne zuwa 100 a minti ɗaya. Ƙoƙon kai ba ya buɗewa, saboda haka idan ƙari ya girma ko ya kumbura, matsi na taruwa a ciki, sai jiki ya ɗaga jini da gangan don ya samu isa ƙwaƙwalwa, zuciya kuma ta rage gudu. Likitan tiyatar nan na Amurka, Harvey Cushing, ya bayyana haka tun farkon ƙarni na 20, kuma bayan hawan jini da raguwar bugu, alama ta uku ita ce numfashi ya rikice. Kun ga ke nan, idan kuka sauke jinin da maganin wata, kun rage wa ƙwaƙwalwar ɗan abin da take samu. Asfirin kuwa yana hana jini daskarewa, ƙarin na iya zubar da jini a ciki. Wallahi abin nan na ba mara lafiya maganin wani yana ci mini rai.

Ƙwaƙwalwa ce ke riƙe da linzamin zuciya ta jijiyoyi. In ta takura, sinadarin adirenalin, wanda jiki ke saki lokacin firgici, kan kwararo, sai zanen da ECG ke fitarwa ya sauya, wani ɓangarensa da ake kira alamar T ya kife sosai, ko tazarar QT (lokacin da zuciya ke ɗauka ta buga ta sake shirya wa bugu na gaba) ta yi tsawo, har a ɗauka ciwon zuciya ne. Tsawon QT yana iya jawo mummunan rikicewar bugu, wasu magungunan amai kuma suna ƙara shi. Ku faɗa wa duk likitan da ya duba shi cewa yana da ƙari, ku tafi da kwalayen magungunansa. In ya fara yawan barci, ko ya suma, ko farfaɗiya ta kama shi, kada ku jira gari ya waye.