Amsa kan yadda ƙaramar ikilisiya za ta riƙe juna a lokacin tsanani

Salama a gare ka ɗan'uwa. Ka ce ku gidaje kaɗan ne na masu bi a garinku, an hana ku filin coci, ana ƙauracewa wasunku a kasuwa, kuma maimakon wannan ya haɗa kanku sai gunaguni ya shigo tsakaninku. Kana tambaya ta ina za a fara.

Wannan gunagunin ya fi hana fili haɗari, kuma sau da yawa rabon taimako ne ke haifar da shi. Ikilisiyar farko ma a nan ta fara tangarɗa. A Ayyukan Manzanni sura 6, Yahudawa masu jin Helenanci sun yi ƙorafi cewa ana tsallake gwaurayensu wajen rabon abinci na yau da kullum. Manzanni ba su rufe musu baki da wa'azin haƙuri ba, sai suka sa jama'a ta zaɓi mutum bakwai amintattu, aka danƙa musu aikin. Ku ma ku raba aikin: Baba Pasto ya riƙe wa'azi da ziyara, kuɗi da hatsi su koma hannun kwamiti. A kwamitin a sa mace ko mata biyu daga Zumuntar Mata, domin su ne suka san gidan da ba a hura wuta ba jiya, a sa matashi, a kuma sa mutum daga kowace ƙabila. Idan Hausawa 'yan ƙasa da baƙi 'yan kasuwa daga kudu suna sujada tare amma shugabanci duk yana gefe guda, ko ba a ci kobo ba za a yi zargi.

Aikin kwamiti na farko shi ne sanin mutanensa gida gida: bakuna nawa ake ciyarwa, wa ke shan maganin da ba ya yankewa kamar na hawan jini ko ciwon suga, wace tsohuwa ce ba za ta iya gudu ba idan gari ya rikice, wane ne zai ɗauke ta. A raba gidajen biyar biyar, kowane rukuni da mai leƙa shi duk mako, domin zumunta a ƙafa take. Littafin sunayen nan ya zauna a hannun mutum biyu kawai, kada ya shiga WhatsApp.

Sai rumbu. Tun da kaka za a tara, lokacin da hatsi ke araha kuma kowa yana da abin bayarwa. Buhun masara ko dawa yana ɗaukar kusan tiya 40, gida mai mutum shida kuwa yana cin kusan tiya guda a rana. Ke nan gidaje 20, in kowanne ya kawo tiya 10, an sami buhu 5, abin da zai riƙe gidaje biyar kwana 40 a tsakiyar damina, wato Yuli zuwa Agusta, sa'ad da rumbuna suka ƙare sabo bai nuna ba. A shanya hatsin ya bushe sarai, a zuba a buhun nan mai leda biyu a ciki wanda iska ba ta shiga, a ɗora a kan katako nesa da bango. Kada a tara shi duka a ɗakin coci, domin in an kawo hari nan ake fara cinna wa wuta. A kasa shi gidaje biyu ko uku. A kuma bambance kyauta da rance tun ranar farko: gwauruwa da maraya da wanda aka kora daga gida kyauta ne, magidanci mai ƙarfi rance ne zai mayar da kaka. Rumbunan da suka mutu, yawancinsu rashin wannan bayani ne ya kashe su, kowa ya ɗauka kyauta ce, shekara ta biyu babu ko tsaba.

Kuɗi kuma sai da sa hannun mutum uku, a ƙirga baiko a gaban shaidu, a karanta lissafi a gaban jama'a duk wata uku. Bulus kansa bai ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba. A 2 Korantiyawa 8 ya faɗi dalili, wato kada wani ya sami abin zargi. Taimakon da ya zo daga waje ya fi na gida saurin raba kai, don haka a sanar da adadinsa ranar da ya iso, kafin a raba ko mudu guda.

Batun sabon tuba yana buƙatar natsuwa. Kada a tsayar da shi gaban jama'a ya ba da shaida a makon farko, kada a ɗauki hotonsa a sa a Facebook. Wanda iyayensa suka kora ba addu'a kaɗai yake nema ba, yana neman wurin kwana da sana'a. A sama masa gidan wani dattijo, in da barazana a kai shi wani gari, a haɗa shi da mai koyar da ɗinki ko kanikanci. In yaro ne ko yarinya da ba su kai shekara 18 ba, kada kowa ya ɓoye su a gidansa sai an nemi shawarar lauya ta hanyar CAN, wato Ƙungiyar Kiristocin Najeriya, reshen ƙaramar hukumarku, don ana iya mayar da maganar ta zama ƙarar sace yaro.

Kada ku tsaya a ɗariƙarku. Lokacin da Boko Haram ta kame Mubi da hedkwatar cocin EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya) da ke Kwarhi a Oktoban 2014, dubban masu gudun hijira sun sami mafaka a babban cocin Katolika na Yola, kuma ba a tambayi kowa katin baftismarsa ba. In garinku akwai ECWA da Baptis da Katolika, shugabanninsu su riƙa zama duk wata, su je wurin mai unguwa ko dagaci da murya ɗaya kan maganar fili da maƙabarta. Duk filin da aka saya a rubuta takarda da shaidu, a ajiye kwafinta a wani gari.

Haka kuma haɗin kanku kada ya zama katanga tsakaninku da maƙwabta Musulmi. Ku je ta'aziyya da suna, ku kai gaisuwar Sallah, in rumbu ya yi rara maƙwabciyar da ba ta da kowa ta ci. A watan Yunin 2018, a Nghar Yelwa ta Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallaci da gidansa. Ranar tashin hankali, labarin abin da ke tafe yakan fito ne daga bakin maƙwabci. Ku naɗa dattijo guda mai tantance jita-jita, kada matasa su tura saƙon da bai wuce ta wurinsa ba, su kuma san gidan da kowane rukuni zai taru da lambar wayar DPO tun gari yana lafiya.