Firjina na nuna alamar katsewar sadarwa: dole ne in canja fanel?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na san waya da kwamfuta ake tambaya a wannan fili, amma matsalata ta firji ce. Irin mai ƙofa biyu ne, da ɗan allo a jikin ƙofar hagu. Kwanan nan wasu haruffa suka fara fitowa a allon, maɓallan kuma suka daina amsawa. Littafin firjin ya ce sadarwa ce ta katse tsakanin na'urorin sarrafa shi. Wani lokaci idan na buɗe ƙofar sai haruffan su ɓace. Har yanzu yana sanyi. Mai gyara ya ce babban fanel ne ya mutu, sai an sayi sabo. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, tambayarka ba ta kauce wa filin nan ba, domin firjin zamani kwamfuta ce ke tafiyar da shi. Amsata a taƙaice ita ce kada ka saya tukuna. A bayaninka akwai abin da ke nuna matsalar wayar lantarki ce, ba fanel ba.

Irin wannan firji yana da fanel, wato farantin ƙananan kayan lantarki da ke sarrafa shi, biyu ko uku. Babban yana zaune a baya ko a sama cikin ɗan akwati, shi ne ke karanta ma'aunan zafi, ya tada fanka, ya umarci kwamfuresa, wato injin da ke tura gas ɗin sanyi, ya kuma kunna hitar da ke narkar da ƙanƙara. Na biyu ƙarami ne, yana bayan allon ƙofa, aikinsa karɓar abin da ka latsa da nuna maka lambobi. Idan kwamfuresan mai inbata ce, wato mai iya canja saurin gudunta, akwai na uku kusa da ita. Tsakanin babban da na ƙofa akwai siraran wayoyi: wasu na kai wuta maras ƙarfi, galibi bolt 12 ko bolt 5, wasu na ɗaukar saƙo zuwa da dawowa. Fanel ɗin biyu kullum suna cikin tambaya da amsa. Da zarar ɗaya ya yi ta magana bai ji amsa ba, sai alamar ta fito. A firjin LG ana ganin Er CO, a Samsung 41E ko PC ER, a Frigidaire kuma SY CE.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, alamar ba ta ce wane ne ya mutu ba. Cewa kawai ta yi maganar ba ta isa. Kamar kiran waya ne da ya yanke: ƙila wayarka ce, ƙila ta wanda ka kira, ƙila kuma layin ne. Duk mai gyaran da ya kalli haruffan nan ya yanke hukunci kan fanel, bai ciro mita, wato na'urar auna wuta, ya auna komai ba, canka yake yi, kuma da kuɗinka.

Ka fara da abu mafi sauƙi. Zare filogi daga soket, ka bar shi minti 5, sannan ka mayar. Idan wuta ta ɗauke ta dawo da sauri, ko ta yi ƙasa ta yi sama, ƙwaƙwalwar ɗaya daga cikin fanel ɗin kan daskare, kuma wannan hutun kan farkar da ita. Mintunan na da wani amfani: suna ba gas damar daidaita, don kada kwamfuresa ta tashi da nauyi a kanta. In alamar ta tafi ba ta dawo ba, magana ta ƙare.

Amma a naka ina zaton za ta dawo, saboda abin da ka faɗa game da ƙofa. Wayoyin da ke zuwa allon ta cikin hinjin sama suke bi, wato ƙarfen da ƙofar ke juyawa a kansa. Duk buɗewa da rufewa sai sun murɗe kaɗan, shekara da shekaru, har jan ƙarfen da ke ciki ya tsinke alhali robar waje na nan lafiya lau. Sai ya zama bakin biyu na taɓa juna a wani yanayi, su rabu a wani. Fanel da ya ƙone ba ya warkewa don an buɗe ƙofa. Matsalar da ke zuwa tana tafiya tare da motsin ƙofa, hinji take nunawa.

Ga yadda za ka duba. Zare filogi. A saman firjin, bisa ƙofar da ke da allo, akwai murfin roba da noti ɗaya ko biyu ke riƙe da shi. Cire shi za ka ga mahaɗin wayoyi, ɗan farin roba mai haƙora, ɗaya ya shiga cikin ɗaya. Danna ɗan maƙullinsa ka raba su, kada ka ja ta wayar. Haska tocila cikin haƙoran. Kana neman wanda ya lanƙwashe, ko ya ja baya ya nutse cikin robar, ko wanda ya yi kore ko fari saboda laima. Bi wayoyin da yatsa har inda suka shiga ƙofa, ka ji ko akwai wurin da ya yi laushi, ko ya matse, ko ya goge. Sannan ka mayar da mahaɗin, ka tura har sai ka ji ya yi ƙas. Da yawa a nan suke warkewa, musamman firjin da aka taɓa cire wa ƙofa don a shigar da shi ɗaki, aka mayar da mahaɗin rabi da rabi.

Daga nan kuma aikin mai mita ne, kuma ina so ka tsaya a kansa ka gani. Da farko, firji a kashe, ya auna kowace waya daga bakin babban fanel zuwa bakin allon, yana motsa ƙofa a hankali. Mita ta yi ƙara ta ɗauke, an kama ɓarawo: sai a canja wayoyin, ko a haɗa wadda ta tsinke da dalma a rufe da kyau. Ɗaurin hannu da salatif ba ya daɗewa a wurin da ke motsi. Idan wayoyin lafiya, sai a kunna firji a auna wutar da ke isa allon. Yawanci akwai zanen wayoyi manne a bayan firjin ko cikin murfin fanel, shi ke faɗin abin da ya kamata a samu. Wuta ta isa daidai amma allon bai amsa ba, zargi ya fi komawa kan fanel ɗin ƙofa. Babu wuta tun daga tushe, ko lambar na rawa, to a nan ne mai gyaranka zai iya yin gaskiya. Ko a nan ma a duba kafasita tukuna, wato ɗan abin da ke ajiye wuta a jikin fanel. Wadda ta gaji samanta kan kumbura maimakon ya kwanta sumul, wani lokaci har da ɗan ruwa mai launin ƙasa. Wanda ya iya aikin dalma zai canja ta ba tare da an jefar da fanel ɗin ba.

Babban fanel ba wurin gwaji ba ne. Inda ake amfani da wuta mai bolt 220 zuwa 240, babbar kafasitarsa na riƙe sama da bolt 300, kuma tana iya riƙe shi bayan an zare filogi. Hinji naka ne, akwatin baya na ƙwararre ne. Idan firjin na cikin garanti, kada ma ka kwance noti ɗaya, kira kamfanin.

In har ta tabbata sai an saya, a kwafi lambar da ke rubuce a jikin tsohon fanel ɗin, ba sunan firjin kaɗai ba. Fanel biyu kan yi kama sak a ido amma manhajarsu daban, sai a saka sabo alamar ta sake fitowa.

Tambaya: Wata baiwar Allah kuma ta ce nata firjin na nuna irin wannan alama, wani ya ba ta shawarar a ƙara gas. Tana kuma tsoron abincin da ke ciki.

Amsa: Hajiya, kada ki yarda a taɓa gas. Babu abin da ya haɗa shi da wannan alama, kuma firji da yawa na yanzu gas ɗin R600a suke amfani da shi, mai kama wuta. Game da abinci, sau da yawa babban fanel kan ci gaba da sanyaya firji ko da ya daina jin allon, amma kada ki dogara da lambar da allon ke nunawa. Sa ɗan ma'aunin zafi a ciki: ɓangaren firji ya kasance digiri 4 ko ƙasa, firiza kuma digiri 18 ƙasa da sifili. Idan sanyin ya tsaya gaba ɗaya, firjin da ba a buɗewa na riƙe abinci kamar awa 4, cikakkiyar firiza awa 48, mai rabi awa 24. Nama da madara su za ki fara nema wa wani wurin kafin mai gyara ya iso.